Gayyar Gonar Liman

Talata ce, cikin marka. Ruwa ya kwana yana zuba, da asuba ya ɗauke. Na fito na tarar da tsakar gida duk caɓi, akuyarmu ta hau kan turmi tana kuka. Na yi salla. Na wasa garmata a kan dutsen gindin rumbu. Inna tana daga ɗaki tana nishi, don kurkunu ya fito mata a idon sawu, an fara naɗe kansa a jikin tsinke. Ta ɗaga murya tana tambaya ko Auta ya tashi.

Bai tashi ba. Ba ya tashi da wuri.

Ku da ba ku san mu ba, bari in gaya muku ko su wane ne mu. Ƙauyenmu yana yamma da Tsiga, a gindin wani dutse, kewaye da kafi na itace da ƙaya. Ni ne ɗan farin Inna. Auta ƙanena ne, sunansa Audu. Matata a lokacin ta tafi wankan jego gidansu wajen Matazu, ta kwashe yaran. Saura mu uku a gida.

Audu an taɓa kama shi yana saurayi, a hanyar kasuwa. Aka yi ta sayar da shi daga wannan hannu zuwa wancan har can kudu, inda manyan koguna biyu suka haɗu. Wasu Nasara suka fanshe shi, suka koya masa addininsu. Duk shekarun nan Inna uku take raba tuwo, rabonsa ya kwana ya yi tsami, da safe a ba kaji. Rannan sai ga shi cikin ayarin fatake, da furfura a gemu, da tabon marin ƙarfe na bayi a ƙafa. Hannunsa ya manta garma. Bakinsa kuwa ya dawo da kaya fal.

Limaminmu Malam Sule shi ya tare shi. Kullum bayan la'asar suna gindin ɗorawa, su biyu, mutane sun kewaye su kamar ana dambe. Audu ya ce Allah bai rubuta wa kowa mugunta ba, ya ba ɗan Adam zaɓi ne, kuma wanda ya ɗaure shi ya sayar, shi ya ga dama ya yi. Ya ce Almasihu da kansa ya sha wuya da yardarsa, an kafe shi a jikin gungume, saboda haka wuya ba alama ce ta Allah ya juya wa mutum baya ba. Malam ya yi a'uziyya ya ce Annabi Isa ba a kashe shi ba, ɗauke shi aka yi, kuma babu abin da ke motsi sai an riga an rubuta. Gobe su sake daga farko. Gari bai kori Audu ba, saboda Inna, da kuma don babu wani abin kallo a garin.

Ni karatuna bai kai in sa baki ba. Abin da na sani, duk sa'ad da suke wannan, wani ne ke sunkuye a gona yana noma abin da za su ci.

Muna da mai tsaro, sunansa Garba. Aikinsa ya zauna a kan dutsen nan da kuge. In ya hango dawaki ya buga, kowa ya ruga cikin kafi, a rufe ƙofa. Amma wannan aikin rani ne. Kowa ya san doki ba ya zuwa da damina. Rafuka sun cika, fadama tana haɗiye kofato, su maharan ma manoma ne, suna gonakinsu. Haka muka tarar. A shekarar dai mai unguwa ya ce Garba ya ci gaba da zama, don an ji ƙishin-ƙishin daga arewa.

To ranar kuma ranar gayyar gonar liman ce. A wurinmu namiji mai lafiya ba ya ƙin gayyar liman. Wanda bai je ba, sai makaɗi ya sa sunansa a ganga, mata su yi ta yi da shi har kaka. Malam ya aika a gaya wa Garba ya sauko, Allah ne mai tsaro. Garba ya sauko da murna, ya gaji da zama shi kaɗai da birai. Da Audu ya ji, yana kwance a tabarma, sai ya yi dariya ya ce Allah ya ba mutum ido, mu mun karɓe mun ba shi garma. Na ce to kai da ba ka iya huɗa ba, hau mana ka zauna. Ya ce ƙafarsa ba ta son hawa. Ya juya ya ci gaba da barci.

Muka shiga gona rana tana fitowa. Dawa ta kai ƙirji. Muka jeru, makaɗi a gabanmu yana ja da baya, yana kiran kowa da sunan kakansa. Ƙasa ta yi laushi, garma tana shiga kamar cikin tuwo. Malam yana zaune a inuwar kaɗanya yana jan tasbaha, yana sa albarka. Da hantsi ya yi, mata suka fara isowa da ƙoren fura.

Abin da na fara ji, zabin daji ne suka tashi gaba ɗaya daga gefen tudu. Ban kula ba. Sai ganga ta tsaya a tsakiyar kiɗa. Na ɗago. Makaɗi yana tsaye, gula a hannu, kibiya a wuya. Ya zauna a hankali a kan kunya kamar wanda ya gaji.

Maharan ba ta fadama suka biyo ba. Ta tudu suka biyo, inda ƙasa take da tsakuwa. Wanda ke kan dutse zai hango su tun suna ƙanana kamar tururuwa. Gangarmu ce ta nuna musu inda maza suka taru, babu baka, babu mashi, kowa ya sunkuya ya ba su baya. Wasu sun ce mutanen arewa ne. Ban tambaye su ba.

"Ku kwanta! Kowa ya kwanta!"

"Tare wancan! Kada ya kai gari!"

Ƙoren fura suka fashe. Wani doki ya bi ta kan wata mata, na ji ƙarar kamar an taka busasshen kara. Garba ya ɗaga garma zai sari wani mahayi, aka soke shi a ciki. Na faɗa cikin kwarin kunya, na ja ciki a laka, ganyen dawa yana yanka mini fuska. Ban taimaki kowa ba. Babu wanda ya taimake ni.

Akwai wata kafa a bayan kafi inda awaki suke kutsawa. Ta nan na shiga. Sun riga sun cinna wa bukkokin bakin ƙofa wuta, amma jinka ta jiƙe, ba ta ci, sai farin hayaƙi mai kauri da ke bin ƙasa. Shi ya rufe ni. Na tarar da Audu a ɗakin Inna. Bai gudu ba, wannan kam zan faɗa. Ya cicciɓe ta sau biyu yana faɗuwa da ita. Na ture shi, na durƙusa, ya ɗora mini ita a baya. Ba ta da nauyi, amma ƙafar in ta bugi wani abu sai ta ƙwalla ƙara.

A bakin kafar muka ci karo da Malam, babu takalmi, riga a yage. Ya warware rawaninsa ya ɗaure mini Inna da shi kamar goyo, ya ƙulle a ƙirjina. Wannan ma zan faɗa. Muka bi cikin dawa muka gangara rafi.

Rafin ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da rassan itace. Babu mai ƙetare shi da tsohuwa a baya. Akwai wani kwazazzabo a gefe da sarƙaƙiya ta rufe bakinsa. Muka kutsa, ƙaya tana cire mana fata, muka kwanta a cikin taɓo. Rana ta take tsaka muna nan. Daga gari muna jin kukan shanu ana kora su, da kukan mata, da sarar gatari a jikin rumbuna. Azahar ta yi. Babu wanda ya kira salla. Na yi taimama na yi tawa a kwance.

Inna ta kama hannun Audu ta riƙe gam. Ni da na ɗauko ta, ko kallona ba ta yi ba. Haka al'ada take, uwa ba ta sakin fuska da ɗan fari, ko sunansa ba ta faɗi. Ban taɓa jin haushin wannan ba sai ranar.

Kuma a nan, cikin ramin nan, sauro yana cinmu, suka fara. Wallahi suka fara. Da raɗa.

"An rubuta," in ji Malam. "Tun ba a halicce mu ba."

"Wa ya aika a sauko da Garba?" in ji Audu. "Alƙalami ne ya aika, ko kai?"

"Ni na aika. Wa ya sa ni?"

"Gonarka ta sa ka, Allah gafarta Malam."

"Kai kuma da ka sani, me ya hana ka hawa? Ina zaɓin naka ya tafi, barci?"

Audu ya ce shi ma zai amsa nasa laifin. Ya ce ai abin da yake faɗi ke nan, kowa da hannunsa ya yi, kada a ɗora wa Allah. Ya ce Allah yana nan cikin ramin tare da mu, yana shan abin da muke sha. Malam ya ce subhanallahi, Allah ya fi ƙarfin a ce yana shan wuya, jarrabawa ce, bawa nasa haƙuri. Audu ya ce wace irin jarrabawa ce ake yi wa jaririn da aka fizge daga bayan uwarsa. Malam ya ce to shi Almasihun naka da yake cikin rami, me ya hana shi riƙe doki ɗaya.

Na ce duk wanda ya ƙara buɗe baki, zan cika masa shi da laka. Suka yi shiru. Ba don sun ji kunya ba. Na ga idonsu, kowa yana shirya amsar da zai bayar in an fita.

Wajen la'asar hadari ya haɗo daga gabas. Iska ta fara kaɗa dawa. Sai muka ji kofato a kan tsakuwa, da ƙarar linzami. Mahaya uku ne. Suka gangaro bakin rafi, kusa da mu har ina jin warin gumin dawaki. Ɗayansu ya ɗaure tukunyar ƙarfen mai unguwa a bayan sirdi, tana ta ƙara. Jarumai ke nan. Sun yi tafiyar kwanaki don tukunya da tsofaffin zannuwa. Suka shayar da dawaki. Aka yi tsawa.

"Mu koma! Ruwa zai kama mu!"

Biyu suka juya suka fara hawa tudu. Na ukun ya tsaya. Ya sunkuyo daga kan sirdi yana duban ƙasa.

Audu ya matso da bakinsa kunnena. "Yaya, ya ga sawu."

"Kwanta."

"In ya leƙo, Inna za su fara sokewa. Ba sa ɗaukar tsofaffi. Na sani."

"Na ce ka kwanta."

"Ba wanda ya tura ni. Ka gaya wa Malam, ni na zaɓa."

Malam yana gefensa, yana ji. Ko a wannan lokacin sai da Audu ya jefa tasa maganar a gardamarsu. Ya zare hannunsa daga na Inna, ya rarrafa ta ƙasan kwazazzabon, ya ɓulla can nesa da mu. Sannan ya miƙe ya ruga a fili, yana ɗingishi, yana ihu kamar mahaukaci. Ƙafar da ba ta son hawan dutse, ranar ta yi gudu.

"Ga ɗaya! Ga ɗaya nan!"

Ba su daɗe ba. Suka buge shi da gindin mashi, ya faɗi. Ya miƙa musu hannuwa tun ba su ce ba, ya haɗa su yadda ake haɗawa. Ya san aikin. Suka sa masa igiya a wuya, suka ɗaura a sirdi.

Inna tana gani ta tsakanin ganye. Na ji ƙirjinta ya cika da iska. Na toshe mata baki da tafin hannuna, na danne ta da jikina. Ta cije ni. Haƙoranta kaɗan ne suka rage, amma suka shiga har ƙashi. Ban saki ba. Ta yi ta shure-shure da ƙafar mai ciwo, tsinken ya fizge, kurkunun ya tsinke a ciki. Ban saki ba har ƙarar tukunyar nan ta ɓace. Sannan ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Yanzu ga abin da ban sani ba, kuma babu malamin da zai sanar da ni. Mahayin nan sawunmu ya gani, ko igiyar likkafarsa ce ta kwance yake dubawa? Biyu sun riga sun tafi. Ruwa yana bakin zuba, da ya wanke sawun. Wataƙila Audu ya cece mu. Wataƙila kuma ya daɗe yana neman ranar da zai yi kama da Almasihunsa, ya ga ta zo, ya ƙi bari ta wuce. Ya ce shi ya zaɓa. To, ya zaɓa. Bai tambayi matar da ta yi shekaru tana raba tuwo uku ba.

Malam ya daɗe yana kallon inda suka bi, ruwa yana zuba a kan sanƙonsa. Na zaci addu'a zai yi. Sai ya ce, "Ina da amsar maganarsa ta ɗazu. Yanzu ta zo mini." Ya fashe da kuka. Ban rarrashe shi ba.

A ramin muka kwana. Da gari ya waye ruwan rafi ya ja baya zuwa ƙugu. Na goya Inna muka ƙetare, Malam yana riƙe da ƙafarta sama don kada ta jiƙe. Ba ta yi nishi ba. Ba ta yi komai ba. Muka bi gefen gonaki, ba mu hau hanya ba. Mun wuce wata ruga, babu kowa, sai ƙwarya a kife da ɗan maraƙi a ɗaure yana kuka. Na kwance shi. Hantsi ya dubi ludayi muna ƙofar Tsiga. Masu gadi suka tsare mu suna tambayar dawaki nawa ne, wace irin tuta. Jiya da ake sararmu suna jin hayaƙi, ba wanda ya leƙo. Yau kowa ya zama sarkin yaƙi.

Wani masaƙi da muka taɓa haɗa iyaka da shi ya ba mu zaure. Kafin azahar labarin Audu ya zaga gari, Malam ne ya zaga da shi. Malamai suka taru a ƙofar zauren, suka shimfiɗa buzaye. Wani ya ce ba shi da lada, tunda ya bar addini. Wani ya ce Allah ne ya hore shi ya zama sanadi, kamar yadda yake hore jaki. Wani tsoho ya ce a bar wa Allah, suka taso masa. Malam Sule, abin mamaki, shi ya koma yana kare Audu, yana maimaita maganganunsa, yana cewa a dai saurara, mutumin yana da hujja ko da ɓatacciya ce. Suna ta yi, ni ina ciki ina matse ruwan ciwo daga ƙafar Inna. Ba wanda ya ce ga kunu. Matar masaƙin ce ta kawo.

Inna ba ta sha ba. Ƙafar ta kumbura har gwiwa, sannan har cinya. Wanzami ya zo ya tsaga, ya sa magani, ya ce in tana cin abinci za ta tashi, ya ga waɗanda suka fi haka. Na kai mata ludayi baki, ta juya fuska bango. Na ce mata za a neme shi, fatake suna zuwa kudu, an taɓa yi ai ya dawo. Na ce mata ya yi ne don ta rayu, in ta ƙi ci ta zubar da abin da ya yi. Na yi amfani da maganarsa, na yi amfani da ta Malam, na ce haƙuri, na ce ƙaddara. Duk abin da na raina a gindin ɗorawa sai da na kwaso shi na zuba mata a kunne. Ko gezau.

Sau ɗaya ta yi mini magana. Ranar Juma'a ce, ana kiran salla. Ta juyo ta dube ni sosai, abin da ba ta saba ba. Ta ce, "Kai kana da ƙarfin danne ni. Shi ba ka da ƙarfin danne shi?"

Ta mayar da fuska bango. Ba ta kai wata Juma'ar ba.

A Tsiga muka binne ta, cikin mutanen da ba ta sani ba. Malam Sule ya yi mata salla. Bayan ruwa ya ɗauke na koma ƙauyen tare da waɗanda suka tsira. Mun tarar da Garba da makaɗi da sauran a gonar, dawa ta nuna a tsakaninsu. Muka tattara abin da kuraye suka bari muka rufe a rami ɗaya. Ba wanda ya sake kwana a garin. Ni na koma wajen surukaina, inda nake har yau, ina noma gonar aro.

Audu ban sake jin ɗuriyarsa ba. Duk ayarin da ya sauka sai na je zango na tambaya, mai furfura a gemu, mai ɗingishi, mai yawan gardama. Su ce irinsu da yawa a hanya.

Daga gidanmu mutum biyu muka rasa. Na garin kuwa ban taɓa gama ƙirgawa ba. Duk sa'ad da na kai ƙarshe sai in tuna wani da na tsallake, kuma babu wanda ya rage kusa da zan tambaya sunansa.